Tunuga: ƴan hayar zaure da ba su biyan ko dala

Gayyatar suna ce ta kai ni Tunuga a watan Yunin da ya wuce. Wani abokina da muka zauna benci ɗaya a lise, wanda ya ajiye alƙalami ya kama fatauci tsakanin Gaya da Kamba har Allah ya buɗa masa ya je Makka, shi aka yi wa haihuwa, ya kuma aiko mini cewa in ban zo ba kada in ƙara kiran sa aboki. Na je. An raɗa suna, an ci rago, jama'a ta watse. Abin da ya riƙe ni kwana biyu bayan watsewar taro, har na komo Yamai da littafin aljihuna cike da rubutu, wani ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, wanda na iske ya kafa gari guda a rufin zauren mahaifin abokin nawa. Zauren kuwa ana shawarar rushe shi.

Ga mai karatun da bai taɓa taka wannan kusurwa ta ƙasarmu ba, daga Yamai zuwa Gaya ta hanyar Doso tafiya ce ta kusan kilomita 300, kuma tun mutum bai isa ba idonsa zai gaya masa cewa ƙasa ta sake. Itatuwa suna ƙara tsawo da duhu, domin nan ne ruwan sama ya fi sauka a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara, alhali Yamai in ta samu 600 sai a ce an yi damana. Daga tashar Gaya na hau kabu-kabu muka nufi gabas maso kudu, kilomita 20 da ɗoriya, muka iske garin kwance cikin giginyu. Tounouga ake rubuta shi a takardun gwamnati, kuma shi ne cibiyar ƙaramar hukumar karkara mai wannan suna tun dokar 2002. Kamba ta Nijeriya tana nan kusa. Kudu da garin kuma, wajen Gatawani da Dole, kogin Kwara ne ke raba mu da Benin kafin ya faɗa Nijeriya. Turawan Faransa da na Ingila ne suka kafa duwatsun iyakarmu da Nijeriya tsakanin 1906 da 1908, Kaftin Tilho yana jagorantar ɓangaren Faransa, suka bar mutanen yankin da dangi a ƙasa uku da aljihu biyu, ɗaya na sefa ɗaya na naira.

Dukiyar da ta daɗe tana tara mutane a nan gishiri ce, gishirin Foga. Da rani ake kankare ƙasar da ta yi fari a cikin kwarin, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe, a ɗaure abin da ya rage a ɗora wa jakuna zuwa kasuwannin Kabi da Bargu. Da kuɗin wannan gishiri ne, in ji mai gidan, mahaifinsa ya gina zauren da zan yi magana a kai. Amma a wurin suna babu wanda ya yi zancen gishiri. Hira duka ta iyaka ce: yadda aka rufe gadar Gaya da Malanbil a ƙarshen watan Yulin 2023, yadda manyan motoci suka yi makonni a layi, yadda kaya suka koma ƙetare kogi cikin jiragen ruwa, wanda ya karye da wanda ya samu. Da kunnena ya ƙoshi sai na zame na fito ƙofar gida, inda tsohon yake zaune a kan buzu yana jan carbi.

Ana dab da kiran magariba sai na ji wani irin kuka siriri mai kaifi a bisa kaina, kamar an tara yara ɗari an ba kowanne usur. Na ɗaga kai. Tsuntsaye ne baƙaƙe ƙanana, sun dunƙule wuri ɗaya can sama suna kewaya, su watse, su sake haɗuwa, su zubo ƙasa su bi layin da gudu har iskar fukafukansu ta taɓa hula, su kuma hayewa. Can sai suka fara ficewa daga ayarin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya saito ƙofar zauren ya shige ta samanta kamar kibiya, bai rage gudu ba, bai kuma taɓa bango ba.

— Baba, waɗannan fa?

— Ƴan hayata ne, ɗana, ya ce yana murmushi. Tun ina yaro na tashi na gan su. Ba su taɓa biyan ko dala ba, ni ma ban taɓa ba su wa'adin tashi ba. Tsattsewa ke nan. Ku a birni ba ku ɗaga kai, shi ya sa.

Bayan salla na roƙe shi izini, na shiga da hasken salula. Zaure ne na da, bangonsa ya kai kamu biyu kauri, rufinsa ya fi tsawon mutum biyu. An jera azara a kusurwoyi, an ɗora wasu a kansu a karkace, an yi ta rage faɗin ɗakin hawa-hawa har aka rufe tsakiya, kuma hayaƙin shekaru ya mayar da itacen baƙi wuluk. A inda azara ta haɗu da bango ne garin tsattsewa yake. Na zaci zan ga laka, sai na ga gashin tsuntsu da ciyawa da audugar rimi an manne su cikin wani abu mai ƙyalli da ya bushe ya yi tauri, sheƙa a jikin sheƙa, wata a ƙarƙashin wata, kowacce da ƴar ƙofarta da yatsa biyu za su toshe. Na ƙirga 46, lissafi ya ɓace mini inda suka cuɗe. Daga ciki ana jin motsi da ƙananan koke-koke. Akwai wari, ba zan ɓoye ba, a ƙasa kuma kashi ya yi layi daidai da layin sheƙunan. Jikan mai gida ne ke share shi kowace safiya ya kai garka, kuma an ce albasar da ke wurin ba ta da ta biyu a unguwar.

Mu Hausawa ba mu cika wahalar da kanmu wajen rarrabe ƙananan tsuntsayen nan masu yawo a sama ba: wani ya ce tsattsewa, wani ya ce bilbilo, magana ta ƙare. A lakwal ne na fara jin cewa iri biyu ne da ba su haɗa ko kaka ba. Faransanci yana da hirondelle, yana da martinet. Na tuna ranar da malaminmu na ilimin halittu ya rubuta martinet a allo, wani ɗan ajinmu da ya leƙa ƙamus ya ɗaga hannu ya ce shi dai abin da ya gani bulala ce mai harsuna da yawa wadda ake horon yara da ita a Faransa. Dukansu suna da gaskiya, kalmar ɗaya ce. Aji ya fashe da dariya, darasi ya wuce, ban kuma sake tunawa da shi ba sai da na tsaya cikin zauren nan bayan shekara kusan 20.

Rarrabe su ba ya bukatar madubin hangen nesa. Wadda kake gani jere a kan wayar lantarki tana gyaran gashi, ko ta sauka bakin rijiya tana ɗibar laka da baki don ta gina sheƙa mai kama da rabin ƙoƙo, wannan hirondelle ce. Ta zauren Baba ba za ka taɓa ganin ta a kan waya ko reshe ba, domin ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, ba su da wani aiki sai maƙalewa a jikin bango. Shi ya sa masana suka ba danginta sunan Apus, wanda a Girkanci yake nufin marar ƙafa, ita kuma wannan suka ce mata Apus affinis. Baƙa ce, maƙogwaronta fari, da farin tabo babba a bayanta dab da wutsiya, wutsiyar kuma gajera ce a yanke kamar an datse ta da almakashi, fukafukan dogaye masu lanƙwasa irin ta lauje. Abin mamaki, ƴan uwanta na jini su ne mitsi-mitsin tsuntsayen nan na nahiyar Amurka masu shan ruwan fure suna tsaye cak cikin iska, waɗanda Faransawa ke kira colibri.

Nauyinta bai wuce giram 25 ba, wato sai an tara 40 kafin su yi kilo guda, amma duk harkarta a sama take yin ta. A sama take ci, tana buɗe baki tana kama ƙananan ƙwari masu tashi. A sama take sha, ta zubo ta shafi fuskar tabki da baki ta wuce. Hatta kayan ginin sheƙa ba ta sauka ta tsinta, abin da iska ta ɗauko take cafkewa, sa'an nan ta manne shi da yawunta, wanda shi ne abin nan mai ƙyalli da na gani. Daren da na fara kwana an yi ruwa mai ƙarfi, da safe shinge ya fito daga suri, na kuwa ga kasuwa ta ci: yara a ƙasa da kwanoni, tsattsewa a sama, kowa yana ɗibar rabonsa. Mai ƴaƴa takan tara ƙwari ɗaruruwa a maƙogwaro su zama curi guda kafin ta koma sheƙa. Sauro yana cikin abincinta, to amma kada wani ya ce na ce a jefar da gidan sauro saboda tsattsewa. Ƙwai biyu ko uku take yi, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci mako uku da ƴan kwanaki, ƴaƴan kuma su yi fiye da wata guda kafin su fita. Sheƙar ba ta damana ɗaya ba ce. Ana gyara ta ana ƙari shekara da shekaru, ana kuma kwana cikinta ko babu ƙwai.

Sharaɗinta ga mai gida biyu ne kawai. Na farko tsawo, domin in ta faɗi ƙasa da ƙyar take tashi, sai ta saki bango ta zubo tukuna iska ta ɗauke ta. Na biyu ƙofar da ba a rufewa. Zauren Baba yana da ƙyaure, amma tsakaninsa da saman ƙofa akwai tazarar taƙi guda, kuma ko shi ƙyauren, in ji tsohon, ba ya tuna ranar da aka sa masa sakata, saboda baƙon da dare ya yi wa a hanyar Kamba nan yake shimfiɗa tabarma.

Da hantsi Baba ya haɗa ni da jikan nasa, ya ce ya kai ni in ga ƙanwarta. Muka fita bayan gari cikin gonakin gero da ya fara tasowa, inda giginyu suke tsaye ɗai-ɗai. Mun saba yi wa giginya gorin cewa na nesa ke shan inuwarta. Akwai dai wanda yake shan ta a kusa. Yaron ya nuna mini wasu tsuntsaye sirara masu launin toka, da doguwar wutsiya mai tsini, suna kewaya kan bishiyar ba su yin nisa da ita. Wannan ita ce tsattsewar giginya, Cypsiurus parvus a bakin masana. Ita ba ta shiga ɗaki. A bayan karin giginya da ya sunkuyo ƙasa take manna ƴar sheƙarta, wadda ba ta fi cokali ba, a tsaye a jikin ganyen. Da yake iska tana kaɗa karin dare da rana, sai ta manne ƙwan nata da yawu a jikin sheƙar, ta kwanta a kansu tana maƙale a tsaye, ƴaƴan kuma suna fitowa su kafa farata su riƙe. Na daɗe a gindin bishiyar wuyana a sage, ina kallon ganye yana lilo da uwa da ƙwanta, babu abin da ya faɗo.

Nan ne na gane cewa bishiya ɗaya ce ke ɗauke da su duka biyu: ƙaramar tana zaune a giginya mai rai, babbar tana zaune a giginyar da aka sare aka tsaga ta zama azara. Giginyun Dallol Mauri da na bakin kogi, kimanin hekta 30,000, su ne mafi yawa a ƙasarmu, kuma duk wanda ya taɓa yin rufin ƙasa a Doso ko a Yamai ya san azarar Gaya. Namijin giginya shi ya fi tauri, gara ba ta cin sa, yakan fi wanda ya ɗora shi tsawon rai. Sai dai kafin bishiyar ta isa sara wanda ya shuka ta ya yi furfura. Dokar daji ta 1974 ta sa ta cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini, an sake dokar a 2004, kuma a shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwis, an sa kwamitocin ƙauyuka cikin kula da ita da cin amfaninta. Duk da haka, abin da idona ya gani a gonakin da muka ratsa shi ne manya sun fi ƙanana yawa nesa ba kusa ba. Ƴaƴan da suka faɗo ana tsince su a binne a tono muruci a kai kasuwa, kuma ni kaina na sayi na dala ashirin a tasha na ci, saboda haka ba ni da bakin zargin kowa. Amma kowane muruci giginya ce da ba za ta tsaya ba.

Da muka komo na ba Baba labari, sai ya ce saura ɗaya ban gani ba, kuma ba zan gan ta ba domin na makara. Kafin damana ta zauna, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa, akan ga wasu manya, baƙaƙe ƙirin ba farin baya, suna tafe gaban hadari da yawan gaske, su yi yini ɗaya ko biyu su ɓace. Ba su shiga zaure, ba su kusantar giginya, ba wanda ya taɓa ganin inda suka sauka. Ya ce yana yaro an gaya masa daga Makka suke.

Ba daga Makka suke ba, amma tafiyarsu ta fi ta Makka nisa. Wannan ita ce Apus apus, wadda ke haihuwa a Turai cikin rufin gidaje daga watan Mayu zuwa Yuli, ta ƙetaro Sahara ta bi ta kanmu zuwa dazuzzukan Kwango da kudancinsu, ta sake bi ta Afirka ta Yamma a watannin Afrilu da Mayu za ta gida. A 2016 masu bincike na jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, waɗanda suka ɗaura wa wasu ƴan na'urori a baya, sun bayyana cewa takan yi wata 10 a sama, wasu ma ba su sauka ko sau ɗaya ba. Ke nan tsohon da ya ce ba a taɓa ganin saukarsu ba bai yi ƙari ba. Turkawa ebabil suke ce mata, sunan da suka ɗauko daga Suratul Fil, ko da yake malaman tafsiri sun ce ma'anar kalmar gungu-gungu ce, ba sunan wani tsuntsu ba ne. A Ingila, inda ake bin rayuwarta a hasumiyar gidan tarihi na jami'ar Oxford tun 1948, aikin da David Lack ya fara, yawanta ya ragu da fiye da rabi tun 1995, har aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar a 2021. Cikin dalilan da ake bayarwa akwai gyaran tsofaffin gidaje, inda ake toshe duk wata kafa da ke ƙarƙashin rufi. Yanzu har bulo mai rami suke ƙerawa suna sa wa sababbin gine-gine don ta samu wurin shiga. Da na faɗi wannan, Baba ya yi dariya har da tari, ya ce ashe Nasara ma sai ya kori baƙo yake gina masa masauki.

Alhaji, wato abokin nawa, bai yi dariya ba. Shi ne mai shawarar rushewa, bulon da ya saya ma yana jibge a gefen katanga an rufe shi da leda. Da dare muka zauna a kan tabarma ya zayyana mini dalilansa, kuma zan kawo su yadda ya faɗe su, domin ba na banza ba ne. Zauren yana bakin hanya, wurin ya isa shago uku. Kowace bazara sai an yi yaɓe, maginan da suka iya wannan aiki sun tsufa, ƴaƴansu sun koma siminti ko kabu-kabu. Azara biyu sun fara lanƙwasa, samun madadinsu sai da takardar ma'aikatan daji da kuɗi masu kauri. Matan gida suna kukan ƙwari masu kama da kuɗin cizo da ke saukowa daga sheƙuna. Sa'an nan ga tsoro: damanar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, da dama ginin ƙasa ne ya faɗo musu, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya zube ƙasa.

— In wancan ya faɗi, ɗan jarida, wane ne zauren Baba? Kuma tsoho a ciki yake yini.

Don in sassauta zancen sai na ba shi labarin Indonesiya da Malesiya, inda ake gina benaye musamman don wasu ƴan uwan tsattsewa, a riƙa sa musu kukansu a lasifika don su shigo, domin sheƙarsu ta yawu ce zalla kuma mutanen Sin suna sayen ta da tsada su yi miya. Idon Alhaji ya buɗe, ya gyara zama ya ce nawa ne kilo. Da na ce masa tamu ba ta ciwuwa, gashi da ciyawa sun yi mata yawa, sai ya koma ya kishingiɗa ya ce dama ya sani, abin da ya zauna gidansu shekara 70 bai kawo ko sisi ba ba yau zai fara ba.

Gaskiyar da ya kamata in faɗa, ko da ba ta taimaki hujjata ba, ita ce tsattsewar zaure ba ta cikin haɗari. Asalinta tsuntsuwar duwatsu ce, kuma masana sun lura cewa yaɗuwa ta yi a Afirka cikin ƙarni na 20 saboda gine-ginen zamani. Ƙarƙashin gada, barandar lakwal, dogon tankin ruwa, duk sun yi mata. Ran da aka rushe zauren Baba za ta yi kwana biyu tana kewaya wurin tana kuka, ƙwai da ƴaƴan da ke ciki su hallaka, sauran su nemi wani rufi. Abin da ba zai samu wani wuri ba shi ne zauren kansa, da hannun da ya iya jera azara hawa-hawa ba ƙusa ba ƙarfe, da ɗakin da ake yin sulhu da ɗaurin aure da karatun allo da saukar baƙo ba tare da an shiga cikin gida ba. Gidajen da ƴan kasuwarmu ke ginawa yanzu, daga Gaya har Maradi, katanga ce da ƙofar ƙarfe da kwano da silin. Da rana ɗakin tanda ne, sai an kunna fanka in akwai wuta. Na shiga zauren Baba da azahar, na iske sanyi kamar bakin randa. Ban ce kowa ya koma ginin ƙasa ba, ni ma a gidan siminti nake haya. Amma garin da ke da irin wannan zaure guda biyar ko shida, ya dace a ce an zauna an zaɓi waɗanda za a riƙe, kafin ruwa da bulo su yi zaɓin.

Ma'aikatan gwamnati ma suna da nasu kason, domin bayan zauruka babu inda tsattsewa ta fi so kamar tsofaffin gine-ginen hukuma masu doguwar baranda. Na taɓa zuwa aiki wani ofis a wani gari, ana jibi babban baƙo zai zo daga Yamai. Na iske an ba mai shara dogon sanda yana kakkaɓo sheƙuna daga rufin baranda don a shafa farar ƙasa, ƴaƴan tsuntsu tsirara suna faɗowa a kan siminti, iyayen suna shiga suna fita suna kuka. Rufin ofishin yana yoyo, taga biyu ba gilashi, amma abin da aka ga ya ɓata wurin shi ne sheƙa. Baƙon ya zo ya yi minti 20, ban ga ya ɗaga kai ba. Alhali maganin kashin bai wuce a kafa katako guda a ƙarƙashin sheƙunan ya riƙa tare shi ba, in kuma gyara ya zama dole, a sa yaro ya hau tsani ya saurara, a jira lokacin da babu ƴaƴa a ciki.

Na ba Alhaji shawara ya jera shagunansa a jikin katangar gefe, ya nemi tsohon magini ya canja azara biyun nan tun yana da ƙarfin hawa, ya bar zauren. Ya ce shago a gefe ba ya kama ciniki kamar na bakin hanya, kuma ɗan jarida ba ya biyan kuɗin yaɓe. Wannan ma gaskiya ce. Baba dai bai sa baki ba. Abin da ya ce kawai, yana kallon wani wuri, shi ne wanda ya gaji gida shi ke da gida, amma ba a gaji mai rai ba.

Ranar da zan tafi, da sassafe, jikan ya shiga shara ya fito da wata a hannu. Babba ce, gashinta ya cika, ta faɗo ne cikin dare tana ta jan ciki a ƙasa da fukafukai a baje. Ya miƙo mini ita. Ba ta da nauyin komai, zuciyarta tana bugawa a yatsuna, faratanta kuwa suka kama fatar hannuna kamar ƙaya. Baba ya ce kada a jefa ta, a fita fili a ɗaga hannu sama a buɗe kawai. Yaron ya hau kan bulon Alhaji ya yi yadda aka ce. Ta ɗan jima tana rawar jiki a tafinsa, sa'an nan ta zubo kamar za ta bugi ƙasa, ta ɗage, ta bi saman katanga ta yi gabas wajen Kamba. Mai kabu-kabu ya danna oda, ya tambaye ni da wane kuɗi zan biya, sefa ko naira.